Keke ɗaya, hoto goma: ina haƙƙin yara masu naƙasa a ma'aikatar magajin gari?



Duk ranar da muka buɗe layin waya a kan ayyukan ma'aikatun magajin gari, mun san abin da za mu ji: shara ta toshe magudanan ruwa, rigimar filaye, tikitin kasuwa, fitilun titi da suka mutu. Masu waɗannan koke-koke suna magana da ƙarfi, su faɗi sunansu da unguwarsu. Amma akwai wani kuka da ba ya son fitowa a iska. Sai an rufe shiri yake zuwa, ta saƙon murya a WhatsApp, galibi daga bakin uwa, kuma da roƙon kada a faɗi sunanta. Tana da yaro da ba ya tafiya, ko ba ya ji, ko ba ya gani, ko mai farfaɗiya. Ta je meri sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Amsar da take samu ba ta wuce uku: "Ku komo gobe." "Babu shi cikin kasafin bana." "Ku yi haƙuri, in wata ONG ta zo za mu kira ku."

Daga Maraɗi muke jin wannan, daga Damagaram, daga Tawa, har daga Yamai inda ofisoshin ministoci suke. Kuma abin da iyayen nan suke nema bai taka kara ya karya ba: takardar haihuwa, gurbi a lakwal ɗin unguwa, kuɗin mota zuwa asibitin da zai duba yaron, gyaran keken da ya lalace. Yau dai za mu faɗi maganar a fili. Ma'aikatun magajin gari sun mai da sha'anin yara masu naƙasa sha'anin sadaka, abin da ake yi in an ga dama, ranar biki, gaban kyamara. Alhali haƙƙi ne da doka ta rubuta, kuma aikinsu ne.

Mu fara da dokar, don kada wani ya ce surutun gidan rediyo ne. Tun watan Maris na 1993 Nijar take da doka a kan kare masu naƙasa. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙoƙinsu, wadda ta yi magana ƙarara a kan karatun yara da shigarsu gine-ginen jama'a. A watan Disamba na 2019 aka ƙara wata doka a kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Har kaso 5 cikin 100 na guraben aiki aka ware musu. Takarda dai ba mu rasa ta ba.

To wa zai sauko da takardar daga Yamai zuwa ƙofar gida? A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka ce an kawo mulki kusa da talaka. A 2010 aka kafa kundin dokokin da ke tafiyar da su. A 2016 gwamnati ta miƙa musu iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ma'anar wannan a sauƙaƙe: ajin firamare da ake ginawa a unguwarku, da makewayin da ke bayansa, da ƙaramin asibitin ƙauye, da ofishin da ke ba da takardar haihuwa, duk suna da alaƙa da sa hannun meri. Ke nan in aka gina aji da matakala uku babu gangare, yaro mai keke ya tsaya a ƙofa yana leƙe, ba za a ce laifin Majalisar Ɗinkin Duniya ne ba. Wani ya duba zanen ginin, wani ya sa hannu, wani ya karɓi makullai ya ce aiki ya yi kyau.

Ga tambaya ta farko da muke so kowane mai sauraro ya kai ma'aikatar magajin garinsu: yara nawa ne masu naƙasa a wannan komin? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 715,497 masu naƙasa a Nijar, wato kaso 4.2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya kuwa, a rahotonsu na 2011, sun ƙiyasta kusan kaso 15 cikin 100 na mutanen duniya. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu, duk wanda ya san gidajenmu ya san inda ta ɓuya: a ƙuryar ɗaki, inda ake ɓoye yaro in baƙo ya yi sallama. Amma ku lura da wani abu. Idan lokacin haraji ya yi, ba a rasa sunan magidanci ko ɗaya. Mai unguwa da hakimi suna da jerin gidaje. Mai tebur a bakin titi ba ya tsira daga tikiti, mai kabu-kabu haka, ko akuya aka shigo da ita kasuwa sai an biya mata. Hukumar da ta iya ƙirga akuyoyin kasuwa ta kasa ƙirga yaran da ke rarrafe a gidajen da take karɓar haraji? Haba jama'a! Wanda ba a ƙirga shi ba, ba a yi masa kasafi, kuma wanda ba a yi masa kasafi ba, "komo gobe" ne rabonsa har ya girma.

Sau biyu a shekara ake tunawa da su: 31 ga Yuli, ranar masu naƙasa ta ƙasa, da 3 ga Disamba, ta duniya. A kafa rumfa, a jera kujeru, a kawo makaɗa. Manya su zauna a inuwa, yaran da aka taru dominsu kuwa tun hantsi suke cikin rana suna jiran babban baƙo. A yi jawabi da Faransanci, babu mai fassara wa kurame da hannu. Sai a turo keke, a ɗora yaro, a riƙe hannunsa, a ɗauki hoto ta gabas, a ɗauka ta yamma, kafin la'asar ya cika Facebook. Ba mu raina keken ba, Allah ya saka wa wanda ya saya. Amma wa ke komawa bayan wata uku? Taya ta fashe, sarƙa ta tsinke, kuma duk wanda ya taɓa tura keke cikin rairayin lungunan Tawa ko Damagaram ya san ba a yi nisa. Yaro kuma girma yake yi, keken da ya dace da ɗan shekara 7 ba zai ɗauki ɗan shekara 12 ba. Sai ka shiga gida ka tarar da keken hoton nan a jingine a bango, kaji na kwana a kai. Yarjejeniya ɗaya da masu walda da masu gyaran keke na gari da ta magance wannan, har matasa su samu aiki. Sai dai gyaran taya ba ya fitowa a hoto.

Mu zo kan lakwal. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba. Akwai makarantun kurame a Maraɗi da Damagaram. Malamansu suna ƙoƙari, mun gaishe su. To amma kurman yaro da aka haifa a wani ƙauyen Dakwaro fa, ko Tanut, ko Buza, ko Magarya? Wace uwa ce za ta saki ɗan shekara 6 da ba ya ji, ba ya magana, ya tafi birni wurin da ba ta da kowa? Makarantar da zai iya zuwa ita ce wadda ke bayan gidansu. A can kuwa mushe yana fama da aji cike maƙil, ba a taɓa koya masa maganar hannu ba, ba a taɓa nuna masa rubutun makafi ba. Sai direkta ya ce wa uwa, cikin ladabi, gara ta koma da shi gida. Yarinya mai shan inna da ta daure ta shiga aji, makewayi ne yake korar ta: rami ne a ƙasa, ƙofa ƙarama, ba abin kamawa, sai ta rarrafa da hannuwanta a inda kowa ya taka. Ranar da ta fara girma, ranar take barin karatu. Sannan ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ba, ta unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilu na 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekarar, inda kowace ta ci rayukan yara 20 ko fiye. Allah ya jiƙansu. Masu ƙafafu ma ba su tsira ba. Duk hukumar da ke da ajin zana a yankinta, ta tambayi kanta wa aka ɗora wa alhakin ɗauko yaron da ba ya iya gudu.

Wasu za su ce ai naƙasa daga Allah take. Babu musu, komai daga Allah ne. Amma mutanen Tibirin Gobir suna da labarin da ya kamata a riƙa tunawa. Rijiyar burtsatse da aka haɗa wa garin a shekarun 1980 ruwanta na ɗauke da sinadarin fuliyo fiye da ƙa'ida nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru yara suna sha, haƙora suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, ɗaruruwan yara suka naƙasa kafin a farga. Ba meri ce ta haƙa rijiyar ba, lokacin ma ba a kafa ƙananan hukumomi irin na yau ba. Abin da muke so a gane shi ne, yawancin naƙasar da muke gani tana da sanadin da hukuma ke da hannu a hana shi: ruwan da ba a auna ba, naƙudar da ta daɗe babu motar asibiti, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙyanda, shan inna kafin rigakafi ya kai ko'ina. Sanƙarau na 2015 da ya girgiza Yamai da wasu jihohi, an ƙirga waɗanda suka kamu, an ƙirga waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tashi kunne ya toshe fa, yau suna wane aji? Al'ummar da ta kasa kare yaro daga ciwo, bai kamata ta kuma bar wa uwarsa ita kaɗai ɗawainiyar abin da ciwon ya bari ba.

Abin takaicin ma, wani maganin yana nan cikin ƙasar. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana gyara ƙafar da aka haifa a murɗe da leɓen da ya tsage. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da yaran da ciwon noma ya ci wa fuska. Ƙafar da ta murɗe, in an kama ta tun jariri yana ɗanye, da filasta da ɗan ƙaramin aiki ake miƙar da ita. In an bari ya shekara goma yana taka gefen ƙafa, aikin ya zama babba. Me ke raba yaron ƙauye da wannan magani? Labari da kuɗin mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, mutum biyu, zuwa da dawowa, ga abinci, ga masauki, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla. Amma ranar da yaro ya cika shekara 5 kyautar take ƙarewa, farfaɗiya kuwa ba ta san ranar haihuwa ba. Maganinta kullum ake sha, in aka tsallake kwanaki ciwon ya dawo, yaro ya faɗa wuta ko rijiya.

Duk wannan nauyi a bayan wa yake? A bayan uwa, kuma a zahiri muke nufi. Mace ce take goye da ɗan shekara 10, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa gona, ba ta zuwa biki. Wata an sake ta saboda dangin miji sun ce daga wajenta abin ya fito. Wata an ce mata ɗan ruwa ta haifa, ta sayar da ƴan awakinta wurin masu magani. In ta samu mai taimako, to ƴarta ce babba, wadda aka cire daga lakwal don ta yi reno ko ta yi jagora. Naƙasar yaro ɗaya ta hana yara biyu karatu. Daga nan sai titi. A watan Maris na 2022, lokacin da aka kwaso ƴan Nijar masu bara daga Dakar, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance da Magarya, kowa ya ce an zubar mana da mutunci a idon duniya. Mu ma ba mu goyon bayan a mai da yaro jarin bara, ko mai naƙasa ne ko lafiyayye. Amma hukumar da ta rufe ƙofar ofis, ta rufe ƙofar aji, sannan ta turo a kori uwa daga bakin danja, sai ta faɗa mata ƙofa ta huɗu da za ta ƙwanƙwasa.

Mun san amsar da ke zuwa: babu kuɗi. Gaskiya ne kominoni da yawa talakawa ne. Haraji ba ya shigowa yadda ya kamata, tallafin gwamnati yakan makara, ga matsalar tsaro, ga ambaliya kowace damina. Ba mu musa ba. Amma nawa ne kuɗin rubuta layi ɗaya cikin takardar kwangila, cewa ba za a karɓi aji ko makewayi ko asibiti ba sai da gangaren keke da ƙofa mai faɗi? Siminti buhu nawa ne? In an sa shi tun wurin zane, kusan a banza yake, sai an gama gini a zo fasawa ne yake tsada. Nawa ne kuɗin ce wa masu unguwanni su ƙara shafi ɗaya cikin littafin da suke zagayawa da shi? Nawa ne kuɗin sauko da ofishin kula da jama'a daga bene zuwa ƙasa? Kuma mun ga ana samun kuɗin man mota, da na tarbar baƙi, da na taron bita a otal inda ake cin kaji ana tattauna matsalar masu naƙasa, ba tare da mai naƙasa ko ɗaya a zauren ba. Kasafin kuɗi madubi ne, abin da hukuma ta damu da shi ne yake fitowa a ciki.

Amsa ta biyu ita ce a jira ONG. Ƙungiyoyi irin su Handicap International sun yi aiki a kan shigar da yara masu naƙasa makarantun gwamnati, kuma an ga amfaninsa. Sai dai kowane furoje yana da ranar rufewa. Shekara uku, shekara huɗu, a kwashe motoci, a bar allo a bakin hanya rana na cin fentinsa. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabci ya yi tafiya da yunwa zai kwana. Yaran nan ba ƴaƴan furoje ba ne. Ƴaƴan komin ne, iyayensu ne suke biyan haraji.

Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi su riƙe su. Zaɓaɓɓun da suka gabata sun samu kusan shekara 20, kuma abin da muka lissafa a sama shi ne gadon da suka bari, don haka kada wani tsohon kansila ya yi mana dariyar ƙeta. Amma yau uwa ba ta da kansilan unguwa da za ta tare a ƙofar gida. Magana ta koma hannun mutum ɗaya. Ranka ya daɗe kantoma, wannan nauyi ne, kuma dama ce. Ba ka da ƴan jam'iyya da za ka saka wa, ba ka da majalisar da za ka ce ta hana ka. In ka sa hannu an yi, in ba ka sa ba, kowa ya san wanda bai sa ba. Ana ta maganar sake gina ƙasa da ƴancin kai. Ƙasar da ke jiran baƙo ya saya wa ɗanta sandar dogarawa, da sauran aiki a gabanta.

Ga masu cewa ai muna ba su sadaka ranar Juma'a, Allah ya karɓa. Amma ku tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, Manzon Allah (SAW) ya sa shi ladanci, ya kuma bar masa riƙon Madina a wasu tafiye-tafiyensa. Aiki aka ba shi da amana. Ko a gargajiyarmu akwai sarkin makafi da sarkin guragu, masu faɗa a ji a fada. Kakanninmu sun ba su wurin zama a inda ake yanke shawara. Mu da muke da PDC da kwamfuta sai mu kasa?

Don haka ga abin da muke nema daga kowace ma'aikatar magajin gari, kuma duk abin da za a iya dubawa ne da ido:

1. A ƙirga yara masu naƙasa gida-gida, tare da masu unguwanni, hakimai, ungozomomi da ma'aikatan CSI, a san irin lalurar kowane da ko yana makaranta.

2. Duk wanda ba shi da takardar haihuwa a yi masa, alƙali da ma'aikatan meri su je inda yake, kada a ce a goyo shi zuwa kotu.

3. A buɗe layi na musamman cikin kasafin shekara, da adadinsa, a karanta shi a rediyo da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunanmu. Ƙarshen shekara a dawo a faɗi abin da aka kashe.

4. Kada a sake karɓar ginin jama'a da keke ba ya shiga, har da makewayi.

5. A ware kuɗin mota ga yaran da likita ya tura babban asibiti, da tallafin maganin farfaɗiya bayan shekara 5.

6. A ba wakilan masu naƙasa da iyayen yaran kujera a duk zaman da ake tsara ayyukan komin.

Ku kuma iyaye, ku fito da yaran nan daga ɗaki, ba abin kunya kuka haifa ba. Kada uwa ta sake zuwa meri ita kaɗai, don mutum ɗaya ake ce wa ya komo gobe, mutum talatin kujera ake ba su. Ku nemi reshen tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ta ƙasa, FNPH, da ke jiharku. Ku rubuta buƙatarku a takarda, a buga mata hatimi da kwanan wata, ku riƙe kwafi. Maganar baki iska ce, takarda mai hatimi kuwa ko an canza kantoma tana nan.

Makirufonmu a buɗe yake ga duk kantoma ko sakataren meri da yake ganin mun yi masa rashin adalci. Ya zo, za mu ba shi lokaci isasshe, ba za mu katse shi ba. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da takardar kasafin kuɗi a hannu, ya nuna mana layin, ya karanta adadin. Wanda ya yi abin kirki kuma, da bakinmu za mu yaba masa, mu faɗi sunan komin ɗinsa don wasu su yi koyi.

Ku rubuto mana abin da ke faruwa a garuruwanku: lakwal ɗin unguwarku keke yana shiga? An taɓa zuwa gidanku an tambayi yaron? Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa iyayen nan haƙuri da ƙarfi, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.